Kashi Nawa Cikin Ɗari? Abin da Gwajin Jinin Dawaki Ke Faɗa da Abin da Yake Ɓoyewa

A watan Oktoban 2009 wata goɗiya ta kwanta ciwo a wata katafariyar gonar kiwo da ke gundumar Kleberg, kudancin jihar Texas ta Amurka. Da aka ɗebi jininta sai aka tarar da ƙwayar cutar da kaska ke sa wa dawaki. Nan take hukuma ta garƙame gonar, ba doki ya shiga ba doki ya fita, aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana ɗibar jini. Cikin dawaki 360, guda 292 suna ɗauke da ƙwayar. Kusan dukkansu garau suke, suna kiwo, ana hawansu ana korar shanu. Duk da haka hankalin ƙasar ya tashi, har aka riƙa bin sawun dawakin da gonar ta sayar shekaru da dama da suka wuce zuwa wasu jihohin, ana gwada su da duk dokin da suka taɓa zama tare.

Da a wata barga ta Katsina ko Maraɗi aka samu irin wannan adadi, likitan dabbobin da ya san aikinsa ba zai zabura ba. Binciken da aka yi a Najeriya da gwaje-gwajen zamani ya sha nuna cewa kaso mai yawa na dawakinmu suna yawo da wannan ƙwaya a jininsu, haka kuma lamarin yake a mafi yawan Afirka da Kudancin Amurka da Gabas ta Tsakiya da kudancin Turai. Ƙiyasin da masana suka saba ambata shi ne kusan kashi 90 cikin ɗari na dawakin duniya suna zaune ne a inda cutar ta zama 'yar gida. Ke nan adadi ɗaya yana iya zama gobara a Texas, a nan kuwa labarin yau da gobe. Damuwata ita ce mun aro kayan gwajin daga ƙasashen da ba su da cutar, mun haɗa da tambayarsu da tsoronsu, muna ta fitar da alƙaluma waɗanda ba su gaya wa mai doki abin da zai yi da dokinsa.

Cutar dai zazzaɓin kaska ce, wadda likitoci ke kira firofilasmosis, tana kama doki da jaki da alfadari har da jakin dawa. Ƙwayoyi biyu aka daɗe da sani suna kawo ta: Theileria equi da Babesia caballi. Duka biyun suna shiga jajayen ƙwayoyin jini su hayayyafa a ciki su fasa su. Dabba ta yi zazzaɓi, ta ƙi abinci, jini ya ragu, dasashi da fatar ido su koɗe ko su yi ɗorawa irin na shawara, fitsari ya yi duhu kamar an zuba masa jini, ƙafafu su kumbura, wani lokaci ciki ya murɗa. Theileria ta fi zafi kuma ta fi naci: in ta shiga doki, galibi suna tare har mutuwarsa. Babesia caballi kuwa jiki yakan iya share ta cikin 'yan shekaru. Daga cizon kaska zuwa bayyanar ciwo akan ɗauki kwana 12 zuwa 19 ga ta farkon, kwana 10 zuwa 30 ga ta biyun, shi ya sa mutum zai sayo doki lafiyayye a kasuwa, bayan mako biyu ya soma zargin dillali da cin amana alhali shi ma dillalin bai ga komai ba.

Wanda ya fara bayanin ƙwayar Theileria ɗin a 1901 shi ne Alphonse Laveran, Bafaranshen likitan da ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a Aljeriya a 1880. Jinin da ya duba daga Afirka ta Kudu ya fito, daga hannun wani likitan dabbobi mai suna Arnold Theiler, a zamanin da yaƙin Ingila da Turawan Buwa na ƙasar ya sa ake jigilar dawaki daga ƙasashen waje suna zuwa suna faɗuwa. Haɗuwar ba banza ba ce, don ƙwayar maleriya da Theileria dangin juna ne, kuma halinsu ya yi kama. Babban mutum da ya tashi a Gashuwa ko Birnin Ƙonni zai iya kasancewa da ƙwayar maleriya a jininsa yana noma abinsa, baƙon da ya sauka daga Turai kuwa cizon mako ɗaya ya kai shi gadon asibiti. Haka dokin da aka haifa cikin kaska yake: ya gamu da ƙwayar tun yana dukushi, lokacin da kariyar da ya sha a nonon farko na uwarsa ba ta gama ƙarewa ba, jikinsa ya saba, ya zauna da ita cikin wani irin sulhu. Wanda ke cikin haɗari na gaske shi ne baƙon doki da aka sauke daga inda ba cutar, sai goɗiya mai ciki, domin Theileria tana ratsa mahaifa ta jawo ɓari ko a haifi ɗan da ba zai yi kwana ba, sai kuma dokin da yunwa ko wani ciwo ko aikin da ya fi ƙarfinsa ya karya masa sulhun.

To in an ce an yi bincike a wuri kaza an samu kashi kaza cikin ɗari, tambayar farko ita ce: da wane gwaji? Gwaje-gwajen iri uku ne, kuma kowanne tambayarsa daban.

Mafi tsufa kuma mafi araha shi ne a shafa ɗigon jini a gilashi, a rina shi da rinin Giemsa, a leƙa ta madubin likita. In doki na cikin zazzaɓi, wannan ya wadatar: za a ga Babesia caballi bibbiyu sun haɗa baki a cikin ƙwayar jini, ko Theileria ƙanana, wani lokaci huɗu sun jeru kamar gicciye. Amma dokin da ke ɗauke da ƙwayar ba ya ciwo, abin da ke yawo a jininsa kaɗan ne ƙwarai, ido ba zai kama shi ba ko da mai dubawar ya kwana a kan madubin. Ita Babesia caballi ko a tsakiyar ciwo ba kasafai take kama fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na ƙwayoyin jini ba. Saboda haka duk binciken da ya dogara da gilashi kaɗai ƙaramin adadi zai bayar. Yawancin tsofaffin rahotanninmu irin wannan ne, har yanzu kuma ɗalibai na yin sa domin shi ne abin da aljihu ya iya. Ba laifi ba ne a yi. Laifin shi ne a ɗora sakamakonsa kusa da na wani gwajin daban a ce cuta ta ƙaru ko ta ragu.

Iri na biyu ba ya neman ƙwayar kanta, sinadaran kariya da jiki ya ƙera don yaƙarta yake nema a cikin ruwan jini. Yana kama masu ɗauke da ita a ɓoye, shi ya sa ƙasashe ke amfani da shi a kan iyaka. Sai dai abin da yake cewa shi ne dokin ya taɓa gamuwa da ƙwayar, ba lallai tana nan yanzu ba. Dukushi ɗan wata uku zai iya fitowa da alamar alhali ta uwarsa ce ya sha a nono. Dokin da magani ya wanke zai iya ci gaba da nuna alamar wata da watanni. Kuma a nan ma gwaji ya fi gwaji. Amurka ta yi fama da Babesia caballi a Florida tun daga 1961, ta kashe kuɗi da shekaru kafin a ayyana ta tsarkaka a 1988, amma tsohon gwajin da take yi wa dawakin da ake shigowa da su, wanda ake kira CFT, yakan tsallake dokin da ya daɗe da ƙwayar. Sai a 2005 ta koma gwajin ELISA mai ƙarfi. Tsakanin nan Allah kaɗai ya san dawaki nawa suka shiga da takardar lafiya a hannu da ƙwaya a jini. Ƙasar da ta fi kowa kuɗin gwaji ke nan.

Abin da ya fi shafarmu shi ne yadda aka ƙera shi wannan ELISA ɗin da ake sayarwa cikin kwali. An gina shi ne a kan wani sinadari guda ɗaya na jikin ƙwayar, wanda aka ɗauko daga nau'in da ke nahiyar Amurka. Ƙwayoyin kuwa ba iri ɗaya ba ne a duniya, suna da zuriya-zuriya. Masu bincike a Afirka ta Kudu sun nuna tun 2010 cewa kwalin gwajin Babesia caballi yana kasa gane dawakinsu da yawa waɗanda wasu hanyoyin suka tabbatar suna ɗauke da ita, saboda sinadarin da ake nema ya bambanta a nau'insu. An ga irin wannan a Isra'ila ma. Duk wanda ya sayo wannan kwali ya gwada dawakin Zazzau ko Damagaram, ya ga Babesia caballi kaɗan ce, ya kamata ya tsaya ya tambayi kansa: babu ita ne, ko kwalin ne bai san fuskarta ba? Ban cika ganin wannan tambaya a rubuce-rubucenmu ba, kuma ita ce ya kamata ta zo kafin a buga jadawali.

A 2018 aka ƙara rikita lissafin. Masana a Amurka suka bayyana wata ƙwaya ta uku, Theileria haneyi, wadda aka samu a jikin wani doki a kan iyakarsu da Meziko. Ba ta da sinadarin da kwalin gwajin Theileria equi ke nema, don haka tana wucewa ba a gani. Ba ta cika zafi ba, amma maganin da ke wanke 'yar'uwarta bai cika taɓa ta ba. Cikin 'yan shekaru aka same ta a Afirka ta Kudu da Gambiya, aka kuma ba da rahotonta a dawakin Najeriya a 2020. Ba sabuwa ba ce a jinin dawakinmu, idonmu ne sabo.

Iri na uku shi ne PCR, wanda annobar korona ta sa kowa ya ji sunansa. Yana neman ƙwayoyin gadon cutar kai tsaye, yana iya bambance nau'i da nau'i, kuma in ya ce akwai, to yanzu ake magana. Amma yana da tsada, yana son wuta da firji da ɗaki mai tsabta, kuma shi ma abin da aka saita shi ya nema kaɗai yake gani. Ƙwayar takan lafe a saifa da wasu gaɓoɓi ta ragu a jini, yau a ɗiba a rasa, bayan mako biyu a samu.

Tambaya ta biyu ita ce: dokin wa aka gwada? Mai bincike yana da ɗan kuɗi da ɗan lokaci, don haka inda dawaki ke tare yake nufa: bargar sarki, kulob ɗin folo, dawakin 'yan sanda, kasuwa. In ya ɗebi jinin dawaki ɗari daga barga uku, a gaskiya wuri uku ya gwada, domin dawakin barga ɗaya harawa ɗaya suke ci, kaska ɗaya ke cizonsu, hannu ɗaya ke yi musu allura. In a kasuwar Maigatari ko Mai'aduwa ko Illela ya ɗiba, dokin da ke gabansa wataƙila makon jiya yana can cikin Nijar ko Cadi, sai a rubuta sakamakon da sunan Jigawa ko Katsina ko Sakkwato. In da rani ya je, ba abin da zai gani da damina ba ne, lokacin da ciyawa ta tashi kaska ta yi yawa. Sannan ga jaki, wanda ya fi doki yawa nesa ba kusa ba a ƙasar Hausa, shi ke ɗaukar ruwa da taki da yashi, yana ɗauke da ƙwayoyin nan shi ma, yana kwana kusa da doki, amma ba shi da barga ba shi da mai gida mai rawani, sai a sa shi a ƙarshen jadawali in an tuna.

Me ya sa ƙasashen da ba su da cutar suke ɗaukar kowane doki mai alama a matsayin barazana? Saboda suna da kaskar da za ta iya yaɗa ta, da miliyoyin dawakin da jikinsu bai taɓa saninta ba, da kasuwar biliyoyin daloli. Amurka da Kanada da Ostireliya da Japan ba sa wasa da wannan, kuma cutar tana cikin jerin da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta wajabta a ba da rahoto. Kafin gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 an yi doguwar taƙaddama tsakanin hukumomin jihar Jojiya da ƙasashen Turai kan dawakin da gwaji ya kama, daga ƙarshe aka bar wasu suka shiga bisa sharuɗɗa masu tsauri, aka keɓe su, aka hana su wasan da ake ratsa daji. A Amurka dokin da aka kama zaɓinsa kaɗan ne: a kashe shi, a tsare shi har abada, a fitar da shi ƙasar, ko a sa shi cikin shirin magani na hukuma har a tabbatar ya wanku. Wannan dabara ce mai ma'ana ga mai tsaron gida mai tsabta. Mu kuwa ba mu sayar musu da dawaki. Ko da mun wayi gari babu ƙwayar nan ko ɗaya, annobar dawakin Afirka da 'yan mitsi-mitsin ƙwari ke yaɗawa ta riga ta rufe mana wannan ƙofa. Saboda haka rahoton da ya ƙare da cewa cutar na hana mu cinikin dawaki da ƙasashen waje, jimla ce da aka kwafo daga littafin wasu.

Aron tsoron yana da illa ta zahiri. A ce wa mai barga rabin dawakinsa suna da cuta a jini, ba tare da ƙarin bayani ba, abin da zai biyo baya sananne ne: a kira mai allura a bi su duka. Maganin da aka fi amfani da shi, imidokab, ba ruwan sha ba ne. Yana sa gumi da zawo da murɗawar ciki, yana taɓa hanta da ƙoda, kuma adadin da ake bukata don wanke Theileria gaba ɗaya, allura huɗu da tazarar awa 72 tsakaninsu, ya kusa iyakar abin da doki ke iya ɗauka. Jaki ya fi doki rauni a gabansa, wannan adadin yana iya kashe shi. In ma an yi nasarar wanke dokin, gobe za a mayar da shi turken da kaskar take, wataƙila kuma an raba shi da sabon da ke kare shi. Shi ya sa likitoci a ƙasashen da cutar ta zauna suke yi wa doki magani in ya kwanta, don a kashe zazzaɓin a ceci ransa, ba don a share ƙwayar ba. Allurar rigakafi kuwa har yau babu ita a kasuwa ko'ina a duniya.

Kada a fahimce ni da cewa cutar ba komai ba ce, ko binciken ɓata kuɗi ne. Tana kashe dawaki, tana zubar da ciki, tana rage ƙarfin dabbar da iyali ke ci da guminta. Abin da nake cewa shi ne ƙidayar masu alama ita ce mafi ƙarancin abin da jinin zai iya gaya mana. Jinin da aka riga aka ɗiba, auna kaurinsa ba ya cin kuɗin kirki, kuma shi zai nuna ko masu ɗauke da ƙwayar sun fi sauran ƙarancin jini. A rubuta ƙibar dabbar da shekarunta da inda aka haife ta. A tambayi mai goɗiya ko ta taɓa ɓari. A koma wa dabbobin nan da rani da damina maimakon a ɗiba sau ɗaya a tafi. Hawan Sallah ma dama ce da ba kowace ƙasa ke da irinta ba: hakimai na kawo dawaki daga kowace gunduma, su haɗu kwana da kwanaki, su ɗauki kaya masu nauyi cikin rana, su yi sukuwa, su watse. UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a 2024. A ɗebi jinin dawakin kafin hawan da mako uku bayansa, za a san ko wahalar ce ke tayar da ciwo a jikin masu ɗauke da shi, ko haɗuwar ce ke yaɗa sabo. Yaran barga sun daɗe suna cewa, "Ranka ya daɗe, tun da aka sauko daga hawa dokin nan ya ƙi dusa." Wannan magana ta cancanci a auna ta.

Ita kanta kaskar an yi mata rowar kulawa. Nau'in nan mai jajayen ƙafafu da ke maƙalewa ƙarƙashin wutsiya, 'ya'yanta kuma cikin kunne, an tabbatar a Afirka ta Kudu tana yaɗa ƙwayoyin biyu, kuma muna da ita. Akwai dangin Hyalomma masu jure fari. Akwai kuma baƙuwar kaskar shanu, Rhipicephalus microplus, wadda ke yaɗa Theileria equi a Brazil, aka fara ba da rahotonta a Kodebuwa a 2007, ta bazu zuwa Benin, ta iso Najeriya, ga ta da taurin kai a gaban maganin feshi. Inda doki ke kiwo tare da shanu, wannan abin sa ido ne. Babesia caballi tana bin ƙwan kaska zuwa 'ya'yanta, don haka fili na iya riƙe ta ko an kwashe dawakin, Theileria kuwa dokin ne ma'ajinta. Wanda bai san wace ce ta fi yawa a bargarsa ba, bai san ko da fili zai yi yaƙi ko da dabba ba.

Akwai kuma hanyar da ba ruwanta da kaska. A 2008 an kama dawaki 20 a Florida, aka bincika ba a ga kaskar da za a zarga ba. Dawakin tseren bayan fage ne, ana yi musu allura da sirinji ɗaya, ana ɗura wa wani jinin wani don ya ƙara gudu. Duk wanda ya san bargunanmu ya san sirinji ɗaya kan zagaye turke goma, yau maganin ƙarin jini, gobe na sammore, jibi na ƙarfi. Wannan hanya ce da ke ɗaukar ƙwaya daga tsohon doki da ya saba da ita ta kai wa ɗan folo da aka sayo da miliyoyi, tana kuma ɗaukar wasu cututtukan jinin da ba su da magani sam. Binciken da ya tambayi wa ke yin allura a barga, da allura nawa yake amfani da su, zai fi amfanar mai doki fiye da jadawali goma, domin gyaransa kuɗin sabuwar allura ne kawai.

Masu iya wannan aiki muna da su: Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da babban ɗakin gwajin dabbobi na LABOCEL a Yamai. Abin da ya rage shi ne su fara gwada kwalayen nan a kan nau'o'in ƙwayarmu kafin a amince da alƙalumansu, su kuma daidaita hanya ɗaya ta yadda sakamakon Barno zai iya zama kusa da na Kabi a kwatanta. Masarautu da ƙungiyoyin folo su ne masu dawaki mafi tsada, su ya kamata su ɗauki wani ɓangare na kuɗin, da sharaɗin a gwada dokin da aka shigo da shi ranar da ya sauka, a san ko baƙo ne ga ƙwayar kafin a ɗaure shi kusa da 'yan gida. Sharaɗi na biyu kuma, duk wanda ya miƙa wuyan dabbarsa aka soka, sarki ne ko mai jakin ɗiban ruwa, a dawo masa da sakamakon da Hausa, a gaya masa wane gwaji aka yi, dabbarsa ciwo take yi ko ɗauka kawai ta yi, da alamun da in ya gani zai kira likita maimakon mai allura.